Diyyar da gwamnati ke biyan waɗanda harin ta'addanci ya rutsa da su

Diyyar ta'addanci kuɗi ne ko wani tallafi da gwamnati ke bai wa wanda ya ji rauni a harin ta'addanci, ko iyalan wanda ya rasu a ciki. A ƙa'ida wanda yayi ɓarna shi ke biya, to amma ɗan ta'adda ko dai ya mutu tare da bam ɗinsa, ko ya gudu, ko an kama shi an tarar ko sisi bai ajiye ba, shi yasa nauyin yake komawa kan gwamnati. Akwai kuma masu cewa ai dama ba mutumin ake hari ba, ƙasar ake so a girgiza, shi tsautsayi ne kawai ya kai shi wajen, don haka bai kamata a bar shi da asarar shi kaɗai ba.

Inda kuɗin ke fitowa

Kowace ƙasa da tsarinta. Faransa ta kafa asusunta a 1986 bayan bama-baman da suka riƙa tashi a Paris, kuma dabarar da suka yi ita ce duk wanda ya yanki inshorar dukiya, kamar ta gida, ana ɗora masa ɗan ƙaramin kuɗi duk shekara ya shiga asusun, kenan kuɗin na nan a ajiye tun kafin abu ya faru. Suna biyan duk wanda hari ya same shi a ƙasar ko ɗan ina ne, da Bafaranshen da abin ya rutsa da shi a waje. Sifaniya da ta sha fama da ƙungiyar ƴan a-ware ta ETA tayi doka a 2011 wadda ta waiwaya har kan hare-haren da aka kai tun 1960, ta kuma yanke Yuro 250,000 ga iyalan wanda aka kashe. Birtaniya ta saka abin cikin tsarinta na diyyar manyan laifuka da ya faro a 1964, sai a 2012 ta ƙaro wani na waɗanda aka kai wa hari a ƙetare. A Najeriya gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa asusun tallafa wa waɗanda rikicin Boko Haram ya shafa a 2014 ƙarƙashin Janar T.Y. Danjuma, shi wannan galibi da gudummawar kamfanoni da attajirai aka tara shi, kuma ya fi karkata ga marayu, asibitoci da makarantu akan a kira mutum a damƙa masa kuɗi a hannu.

Wani lokacin kuma ƙasar da aka ɗora wa laifi ake matsa wa ta biya. Libiya ta amince a 2003 za ta biya dala biliyan 2.7 kan jirgin Pan Am da aka tarwatsa a saman garin Lockerbie na Scotland a 1988, mutum 270 suka mutu, dala miliyan 10 kenan kowane iyali.

Yadda ake lissafi

Nan ne fa rigimar take, domin sai an zauna an yi wa rai farashi. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Amurka bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda aka sace jiragen sama aka daki wurare da su, ciki har da tagwayen dogayen benaye na New York. Ko sati biyu ba a yi ba majalisa ta kafa asusu, aka naɗa lauya Kenneth Feinberg ya raba, ya kuma raba kusan dala biliyan 7 ga mutum sama da 5,000. Kowane mamaci an yanke masa dala 250,000 na raɗaɗi, a ƙara 100,000 ga mata ko miji da kowane ɗa da ke ƙarƙashinsa, wannan kowa ɗaya ne. Sauran kuwa sai a duba shekarun mutum da albashinsa a ƙiyasta abinda zai samu da ya rayu, sannan a cire kuɗin inshorar rai in yana da ita. To kaga ma'aikacin banki a hawa na ɗari da mai wanke kwanuka a gidan abincin saman bene ɗaya, safiya ɗaya suka mutu amma iyalansu ba kuɗi ɗaya suka karɓa ba, kuma mutane da yawa abin bai musu daɗi ba, da gaskiyarsu kuwa. Sannan akwai sharaɗi, in ka karɓa ka yafe kai kamfanonin jiragen kotu, dama dokar da ta kafa asusun ta ceto kamfanonin jirage ce. Duk da haka kusan kashi 97 cikin ɗari na iyalan sun karɓa.

Abinda ba a hango ba shi ne ƴan kwana-kwana da masu kwashe ɓaraguzai da suka shaƙi ƙurar wajen, shekaru bayan nan ciwon huhu da ciwon daji suka fara bayyana, dole aka sake buɗe asusun a 2011, a 2019 kuma aka tsawaita shi har 2090.

Wa ya cancanta

Kafin a biya sai hukuma ta ayyana cewa abin ta'addanci ne, sai kuma takardu, shaidar mutuwa, rahoton likita, shaidar cewa kai magaji ne, ga wa'adin da in ya wuce shikenan. Inda aka ƙone gari kowa ya watse, ko aka sace mutum ba a ga gawarsa ba, waɗannan takardun ma samunsu aiki ne. Ciwon da ba a gani da ido, irin firgici da kasa barci, wasu ƙasashen na biya wasu ko kallo bai ishe su ba.

Fasfo ma yana raba mutane. A harin ofishin jakadancin Amurka a Nairobi a 1998 mutum sama da 200 suka mutu, mafi yawansu ƴan Kenya. Da Sudan, wadda aka zarga da bai wa maharan mafaka, ta amince a 2020 za ta biya dala miliyan 335 kan wannan harin da wasu, Amurkawa sun samu kaso mafi tsoka akan ma'aikatan ofishin ƴan Afirka, su kuwa ƴan Kenyan da ke wucewa a titi ko suke aiki a ginin maƙwabta ba a saka su a yarjejeniyar ba.