Kumburin babban yatsan ƙafa: ba kowane ciwon gaɓa ne sanyi ba

Jama'ar Gombe, musamman iyayenmu maza da suka haura shekara 40, akwai wani ciwo da nake roƙon mu daina yi masa kuɗin goro da sauran ciwon gaɓɓai. Mutum zai kwanta lafiya lau, tsakar dare raɗaɗi ya tashe shi a gindin babban yatsan ƙafa. Wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, yana sheƙi, ko mayafi ne ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Takalmi ya ƙi shiga, zaman tahiya ya gagara. Bayan mako ɗaya ko biyu ya lafa, sai a ce sanyi ne, wasu su ce an taka wani abu. Likitoci na kiransa gawut, kuma daga jini yake tasowa.

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu da naman da muke ci akwai sinadaran da ake kira fiyurin. In jiki ya gama da su, hanta kan sarrafa su su zama zantin, sannan wani sinadari mai suna zantin oksides ya mayar da zantin ɗin yurik asid. Ƙoda ce ke fitar da wajen kashi 2 cikin 3 nasa ta fitsari. In ya taru ya haura miligiram 6.8 a kowace desilita (kashi 1 cikin 10 na lita) ta jini, sai ya fara daskarewa a cikin gaɓa, tsini-tsini kamar allura. Shi ne wannan azabar. Yakan kuma zama tsakuwa a ƙoda.

Cin hanta, ƙoda, farfesun kayan ciki da kifin gwangwani da shan giya suna ƙara yurik asid, haka ma lemon kwalba mai yawan zaƙi. Wanda ya san yana da ciwon ya yi hattara da naman layya, ya kuma riƙa shan ruwa sosai a zafin Maris da Afrilu. Ana yawan tambayata batun goro da shayi. Sinadarin da ke hana barci a cikinsu dangin zantin ne, amma ba shi ke kawo gawut ba. Sukarin dai a rage.

Abin da ya fi damuna shi ne Diclofenac da ake saye a kemis ana haɗiya wata da watanni. Yana kwantar da zafi, amma yurik asid na nan inda yake, ƙodar da za ta fitar da shi kuma tana galabaita. Maganin da ke tare ciwon daga tushe shi ne Allopurinol, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1966. Aikinsa daƙile zantin oksides. Kullum ake shansa, ko da ciwo ko babu, domin awon yurik asid ya sauka ya zauna ƙasa da 6. A watannin farko ciwon na iya motsawa, kada a yar da maganin saboda haka. Amma in ƙuraje suka feso a jiki, a dakata nan take a garzaya asibiti.

Masu hawan jini, wasu ƙwayoyin da ke sa fitsari suna ɗaga yurik asid. Ku gaya wa likita, kada ku bari da kanku.

Ana yin gwajin yurik asid a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kuma a nemi a haɗa da na ƙoda. In an auna lokacin da ƙafa ke kumbure aka ce babu komai, a koma bayan mako 2 da lafawar ciwon, domin awon kan sauka a daidai lokacin da ciwon ke ci.