Ma'anar "Klaatu barada nikto"

Ko a cikin fim ɗin da aka fara furta waɗannan kalmomi uku ba a fassara su ba. Duk da haka sun haura shekara saba'in suna yawo a bakin masu kallon fina-finai da masu harkar kwamfuta. Yau idan aka ji wani ya ce "Klaatu barada nikto", galibi yana nufin kalmar sirrin da ake faɗa wa na'ura mai hatsari domin ta dakata kafin ta yi ɓarna.

Asalinsu wani fim ne na Amurka mai suna The Day the Earth Stood Still, wato ranar da duniya ta tsaya cak, wanda kamfanin 20th Century Fox ya fitar a 1951. Robert Wise ne ya ba da umarni, Edmund H. North kuma ya rubuta labarin, inda ya ɗora shi a kan wani gajeren labari da Harry Bates ya wallafa a 1940. North ne ya ƙago kalmomin. Ba su fito daga wani harshe da ake magana da shi a doron ƙasa ba, kodayake "nikto" a harshen Rasha na nufin "babu kowa", akwai kuma kogin Barada da ya ratsa birnin Dimashƙ. Shi kuwa Bahaushe, da ya ji ta tsakiyar sai kunnensa ya kai shi ga barade. Duk wannan dacewar sauti ce kawai.

Sai an san labarin ake gane nauyinsu. Wani jirgi mai siffar faifai ya sauka a tsakiyar birnin Washington. Wani baƙo daga wata duniya mai suna Klaatu ya fito, kamanninsa na ɗan Adam sak, ya ce da salama ya zo. Ya ciro wata kyauta da ya kawo wa shugaban ƙasa, wani soja ya tsorata ya harbe shi. Nan take sai ga Gort, wani ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe, ya fito daga jirgin. A fuskarsa babu ido babu baki, sai wani murfi da idan ya buɗe haske ke fita ya narkar da bindigogi da tankokin yaƙi. Klaatu ya yi masa magana ya tsaya.

Daga asibiti Klaatu ya sulale ya shiga gari da sunan Mista Carpenter, ya kama ɗaki a gidan haya, inda ya saba da wata bazawara mai suna Helen Benson da ɗanta Bobby. Mijinta ya rasu a yaƙin duniya na biyu. Domin ya nuna wa mutane cewa maganarsa ba wasa ba ce, sai ya ɗauke wutar lantarkin duniya baki ɗaya na rabin sa'a da tsakar rana, ya bar ta asibitoci da ta jiragen da ke sama. Sojoji suka bazama nemansa. A cikin tasi, da ya ga an kusa cim masa, ya gaya wa Helen cewa idan wani abu ya same shi Gort zai iya hallaka duniya, don haka ta je ta faɗa masa kalmomin nan uku. Ya sa ta maimaita har ta riƙe. Ba a jima ba aka harbe shi ya faɗi.

Wurin da ya fi taɓa ni a fim ɗin shi ne abin da ya biyo baya. Dare ne. Gort ya riga ya narke abin da aka kulle shi a ciki, ya kashe masu gadi biyu. Helen ta iso ita kaɗai, ya nufo ta, ta ja da baya har ta faɗi, murfin fuskarsa ya fara buɗewa. Cikin rawar murya ta faɗi kalmomin, ta sake faɗa. Murfin ya rufe. Ita kanta ba ta san me ta ce ba. Amana aka ba ta, ta isar. A ganina da an rubuta fassara a ƙasan hoton, da rabin ƙarfin wurin ya zube, domin mai kallo yana cikin duhu ɗaya da Helen: bai san ko kalmomin za su yi aiki ba sai da suka yi.

An yi ta ƙoƙarin fassara su. Wata mujallar fina-finai ta kawo a 1978 cewa ma'anarsu ita ce na mutu, ka gyara ni, kada ka rama. Wannan ta dace da abin da Gort ya yi, domin ya je ya ɗauko gawar Klaatu ya farfaɗo da shi a cikin jirgin. Da Helen ta tambaya ko Gort na da ikon rayarwa da kashewa, Klaatu ya ce a'a, wannan iko na Maɗaukaki ne shi kaɗai. Amma fassarar ta masu sha'awa ce, ba ta cikin fim ba.

Dalilin da ya sa kalmomin suka kama zukatan mutanen wancan lokaci yana cikin shekarar da aka yi fim ɗin. Shekara shida ke nan da jefa bam ɗin ƙare-dangi a Hiroshima da Nagasaki. Tarayyar Sobiyat ta gwada nata a 1949, yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, jaridun Amurka kuma tun 1947 suke cike da labarin faya-fayai masu tashi a sama. Mutum ya ƙera abin da zai iya cinye shi, yana kuma neman linzami. Saƙon Klaatu na ƙarshe ma gargaɗi ne: idan mutane suka kai rikicinsu sararin samaniya, za a mayar da duniyarsu toka.

Daga nan kalmomin suka fita daga gidansu. A fim ɗin Return of the Jedi na 1983 an laƙaba sunayen Klaatu da Barada da Nikto ga wasu halittu daga cikin yaran Jabba, wani mugun uban daba a fim ɗin. Wata ƙungiyar mawaƙa ta Kanada ta ɗauki sunan Klaatu, har aka yi ta raɗe-raɗin cewa 'yan Beatles, shahararrun mawaƙan Birtaniya, ne suka ɓad da kama. A fim ɗin Army of Darkness na Sam Raimi, an umarci jarumin ya faɗi kalmomin, amma ya manta kalma ta uku, ya rufe wurin da tari, sai matattu suka tashi suka auka wa gari. Ko a barkwanci, an riƙe cewa kuskure a lafazin yana da tsada. Masu manhajar Firefox sun ɓoye wani shafi da ke ɗauke da kalmomin, an kuma sake yin fim ɗin a 2008 da Keanu Reeves a matsayin Klaatu.

Yana da kyau a bambanta wannan da ƙagaggen harshe cikakke. Harshen Klingon na Star Trek, masanin harshe Marc Okrand ne ya gina masa nahawu domin fim ɗin 1984, ya fitar da ƙamus a 1985, akwai kuma masu koyonsa har yau. Paul Frommer ya yi irin wannan aiki da harshen Na'vi a Avatar na 2009. Wasu kuma aro suke yi: a Return of the Jedi wani ɗalibi ɗan Kenya ne ya yi muryar wani baƙo daga wata duniya mai suna Nien Nunb, masu jin harshen Kikuyu na Kenya suka gane abin da "baƙon" ke faɗa. Kalmomin North ba su da ƙamus, ba su da nahawun da za a koya. Abin da ake da shi kawai shi ne sunan Klaatu a farko, sai kalmomi biyu, sai murfin da ya rufe bayan Helen ta faɗe su karo na biyu.