Iyakar da Dokar Ostareliya Ta Gindaya Kan Ƙara Girman Taya da Ɗaga Motar Shiga Daji

A Ostareliya, inda hanyoyin rairayi da duwatsu suka ratsa mafi yawan ƙasar, mutane da yawa idan suka sayi Toyota Hilux ko Land Cruiser ba sa barin ta yadda ta fito daga kamfani. Daga cikin abubuwan da ake yawan taɓawa akwai taya da sifirin, domin motar ta ƙara nisa da ƙasa. Hukuma ba ta hana wannan ba, amma ta yi masa iyaka a wani kundin ƙa'idoji da ake kira VSB 14, wanda jihohi suke ɗauka su yi aiki da shi, kowacce da 'yan gyare-gyarenta.

Ƙa'idar taya ita ce mafi sauƙin fahimta. Motar da aka ƙera domin shiga daji, mai ja da ƙafa huɗu, an yarda a sa mata tayar da tsayinta, wato daga ƙasa zuwa samanta, bai wuce na wadda kamfani ya tsara wa motar da fiye da milimita 50 ba. Ƙaramar motar gida kuwa milimita 15 kawai aka ba ta. Mu ɗauki tayar da aka rubuta lambar girma 265/65R17 a jikinta, wadda ake yawan gani a Hilux da Prado. Tsayinta kusan milimita 776 ne. Wanda ya musanya ta da 265/70R17 ya koma kusan 803, ƙarin bai kai 30 ba, saboda haka yana cikin doka. Wanda ya ɗauki 285/70R17 kuwa ya kai kusan 831, wato ya haura iyaka da 'yan milimitoci, duk da cewa a ido bambancin ba shi da yawa. Irin wannan ɗan ƙarin ne yake jefa masu motoci cikin matsala, domin mai sayar da taya zai iya cewa za ta shiga ba tare da ta goge jikin mota ba, alhali shigarta daban, halaccinta daban.

Inda aka fi ruɗewa shi ne wajen lissafin ɗagawa. Idan an ƙara wa taya tsayin milimita 50, motar milimita 25 kawai take ɗagawa, tun da rabin ƙarin yana saman gatarin tayar ne. Doka kuma ba ta duba kowane gyara shi kaɗai. Tana haɗa abin da taya ta ƙara da abin da sifirin ya ƙara da abin da aka ƙara ta hanyar sa tubala tsakanin jikin mota da shasi, ta auna jimillar. A asalin kundin, jimillar da mutum zai yi ba tare da takardar injiniya ba ita ce milimita 50. Jihohin New South Wales da Victoria sun sassauta zuwa 75, wato 50 daga sifirin da 25 daga taya, Queensland ma ta bi sahunsu a shekarar 2018, amma Ostareliya ta Yamma ta tsaya a kan 50. Duk abin da ya wuce haka sai an kai motar wurin injiniyan da hukuma ta amince da shi, ya duba, ya gwada yadda take juyawa idan aka karkata sitiyari ba zato, sannan ya ba da shaida. Ko da wannan shaidar, milimita 150 ita ce ƙarshen abin da kundin ya yarda da shi.

A ganina wannan tsauri yana da hujja. Duk lokacin da aka ɗaga mota, nauyinta yana komawa sama, kifewa ta fi yi mata sauƙi a kwana ko lokacin kauce wa dabba a hanya. Babbar taya tana rage ƙarfin birki, kuma tana sa agogon gudu ya yi ƙarya: direban da ya ƙara milimita 50 a kan taya mai 776 zai ga 100 a gabansa alhali yana gudun kusan kilomita 106 a sa'a. Sababbin motoci kuma suna da na'urar da take taka birkin kowace ƙafa da kanta idan mota ta fara zamewa, kuma an saita ta ne bisa tsayin da kamfani ya ƙera motar. Fitilu ma suna ɗagawa su dinga kashe idon masu tahowa, musamman waɗanda ke cikin ƙananan motoci.

Akwai wasu sharuɗɗan da ake mantawa da su. Tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu ba za a faɗaɗa ta da fiye da milimita 50 ba, kuma faifan da ake sawa a bayan rim domin a turo taya waje haramun ne sai in kamfani ne ya sa shi. Dole madigadi ya rufe faɗin taya, dole kuma ƙarfin ɗaukar kayanta ya kai abin da aka rubuta a allon bayanin taya da kamfani ya maƙala a jikin motar.

Wanda aka kama ya karya ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan sanda ko jami'in sufuri zai ba shi takardar aibi, wani lokaci da tara, kuma dole ya gyara motar ya kai a sake dubawa kafin wa'adin da aka ba shi ya cika. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne inshora, domin idan hatsari ya auku aka gano gyaran da ya saɓa wa doka yana da hannu a ciki, kamfanin inshora zai iya ƙin biyan diyya. Saboda haka, kafin a biya kuɗin taya ko sifirin, mai mota ya duba allon da ke jikin motarsa, ya lissafa jimillar ɗagawar, sannan ya tabbatar da adadin da hukumar sufuri ta jihar da ya yi wa motar rajista ta amince da shi.