Ma'anar tarika, da abin da ke shiga cikinta a zamanin Turawa

Tarika ita ce dukkan abin da mamaci ya mutu ya bari wanda yake mallakinsa ne, tun daga kuɗi da sutura da dabbobi har zuwa bashin da yake bin mutane. Da wannan kalma alƙalai da malaman gado suke aiki har yau, kuma ba a fara rabo sai an tantance ta. Daga cikinta ake fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashin da ake bin mamacin, a zartar da wasiyyarsa muddin ba ta wuce sulusi ba kuma ba magaji aka yi wa ba, sannan abin da ya saura ya zama rabon magada.

Kason mafi yawan magada a yanke yake cikin Suratun Nisa'i, kuma alƙalan ƙasar Hausa sun san shi sarai daga Risala da Muhtasar da sauran littattafan mazhabar Malikiyya tun kafin zuwan Turawa. Mace tana da tumuni (ɗaya cikin takwas) idan mijinta ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i (ɗaya cikin huɗu) idan bai bari ba, uwa tana da sudusi (ɗaya cikin shida) idan akwai 'ya'ya, ɗa namiji kuma yana ɗaukar rabon mata biyu. Idan mutum ya bar fam 40 bayan an cire komai, da mata biyu da 'ya'ya maza biyu da mata uku, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa, matan za su raba fam 5 a tsakaninsu, kowane ɗa namiji ya sami fam 10, kowace 'ya mace fam 5. Turawa ba su taɓa wannan lissafi ba, domin tsarin da Gwamna Lugga ya shimfiɗa bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 ya bar aure da saki da gado a hannun kotunan alƙalai. Inda aka sha gumurzu shi ne a kan tambayar da ke gaban lissafin, wato mene ne zai shiga tarika, mene ne kuma zai tsaya a waje.

Kayan gida ba su cika jawo gardama ba. Bayan sadakar uku ko ta bakwai, wakilin alƙali zai zo tare da mai unguwa, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a fito da riguna da rawuna da takobi da sirdi da littattafai da garemani, a ƙidaya damman gero da na dawa da ke rumbu, a jawo jaki da awaki, dillali ya yi wa kowane abu kuɗi, malami yana rubutawa. A farkon zamanin da wuri ake ƙiyastawa, daga baya aka koma fam da sule. Wanda ya ɗauki doki alhali kuɗinsa ya zarce rabonsa, sai ya yi wa 'yan'uwansa ciko. Kayan ɗakin mace kuwa, tasoshinta da ƙorenta da tumakin da ta saya da kuɗin kaɗinta, nata ne, ba sa shiga tarikar miji, haka kuma sauran sadakinta idan bai gama biya ba bashi ne da ake ba ta kafin rabo. Daga abin da aka ƙiyasta ake cire ushira, kashi ɗaya cikin goma, ladan rabo. Da aka kafa baitulmalin En'e aka yanka wa alƙalai albashi, wajajen 1910, sai wannan kuɗi ya koma shiga asusun hukuma, kuma ba abin mamaki ba ne a ce talakawan karkara da yawa sun gwammace su kira malamin garinsu ya raba musu a gida ba tare da labari ya kai kotu ba.

Bayi su ne suka fara fita daga tarika. Kafin 1903 bawa dukiya ne da ake yi wa kuɗi a raba kamar sauran kaya, ban da ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangijinta, wadda take 'yantuwa da mutuwarsa, 'ya'yanta kuma su ci gado daidai da 'ya'yan matan aure. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris, 1901 ɗa ne, ba bawa ba, aka hana saye da sayar da bayi, waɗanda ke hannu kuma aka buɗe musu hanyar fansar kansu. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, saboda haka shekara da shekaru magada sun ci gaba da karɓar murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa domin a bar shi ya yi aikin kansa, da kuɗin fansa daga bayin iyayensu, amma wannan ɓangare na dukiyar manyan gidaje ya yi ta zaizayewa har ya ƙare.

Gona ce babbar magana. A ƙauye yawancin iyali a gandu suke, wato uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, mai gandu yana biya musu haraji yana yi musu aure, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa da yamma ko ranar da aka ba shi. Idan uba ya rasu, sau da yawa babban wa ne yake riƙe gandun ba a raba ba, sai ranar da zama ya ƙi daɗi, galibi tsakanin 'yan uba, sannan a kira dagaci da dattawa a taka gonar a yanka, a dasa gamba a kan iyaka. Itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da kuka da tsamiya akan yi musu magana daban, ta yadda bishiya za ta iya tsayawa a rabon wani alhali 'ya'yanta na kowa ne. Gandun sarauta kuwa na rawani ne, wanda aka naɗa shi ke cin moriyarsa, 'ya'yan marigayi ba su da rabo a ciki.

A kan wannan al'ada Turawa suka ɗora nasu ra'ayin. A zamanin Gwamna Girouard an kafa kwamiti a Landan a 1908 domin ya binciki yadda ake riƙe ƙasa a Arewa, kuma daga rahotonsa aka yi dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916. Dokar ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa, manomi kuma haƙƙin zama da noma kawai yake da shi. Idan an bi wannan a zahiri, gona ba mallakin mamaci ba ce balle ta shiga tarikarsa. Amma a kewayen Kano, inda jama'a suka yi yawa ƙasa ta yi ƙaranci, an daɗe ana gadon gona ana jinginar da ita ana sayar da ita, kuma da jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, darajarta sai ƙaruwa ta yi. Abin da ya faru shi ne tarika ta rabu gida biyu: kayan da ake ɗauka suna gaban alƙali yana hukunci da littafi, gona da gida kuma suna hannun dagatai da hakimai da majalisar Sarki, inda al'ada da siyasar mulki suke da ƙarfi. A Kano, majalisar Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, ita ce take sauraron ƙararrakin gonaki da gidaje. Harajin taki, wanda ake yankawa bisa girman gona, shi ma ya sa hannu, domin malaman taki suna auna gona su rubuta sunan mutum ɗaya da zai biya kuɗinta, kuma wanda ya shekara ashirin yana biya da sunansa da wuya ya yarda cewa riƙo kawai yake yi wa 'yan'uwa.

Mata ne suka fi cutuwa da wannan rabuwa. Dama a karkara akan ce 'ya mace tana gidan miji, ba ta noma, saboda haka a ba ta rabonta cikin kuɗi ko awaki, gona ta zauna hannun maza, idan aurenta ya mutu ta dawo su ci da ita. A 1923 Sarkin Kano Usman ya mai da wannan doka, ya hana mata gadon gidaje da gonaki, kuma haka aka zauna har 1954, lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi ya soke hanin. A ganina hujjar cewa 'yan'uwa maza za su riƙe ta ba ta da ƙwari, domin ta musanya haƙƙin da Alƙur'ani ya yanka mata da alkawarin da babu mai tilasta cika shi. Shekara 31 ba kaɗan ba ce, an haifi 'ya'ya an aurar da su a kan gonakin da aka raba ba tare da iyayensu mata ba.

Dokar ƙasa ta 1962 da ta 1978 sun ci gaba da ajiye ikon ƙasa a hannun hukuma, amma kotunan shari'a a yau suna lissafa gida da gona cikin tarika, maza da mata kowa da kasonsa. Wahalar da ta rage ita ce ta tsofaffin gandayen da ba a taɓa rabawa ba. Idan magaji ya rasu kafin a raba, rabonsa yana gangarawa ga nasa magadan, abin da malamai ke kira munasaha, kuma gonar da kaka ya bari a zamanin Turawa tana iya tara masu haƙƙi fiye da hamsin. Wanda ke cikinta yakan kare kansa da hauzi, wato daɗewar riƙo ba tare da an yi masa magana ba, wanda a Malikiyya shekara 10 ne tsakanin bare da bare, amma tsakanin dangi yakan kai shekara 40, kuma ba ya amfani idan aka kawo shaidu cewa aro ko amana aka ba shi tun farko.