Dokar duba wutar lantarki da ƙararrawar hayaƙi a gidajen haya na Ingila

Duk wanda zai kama haya a Ingila, ɗalibi ne ko ma'aikaciyar jinya da ta sauka kwanan nan, akwai takardar da ya kamata ya nema kafin ya karɓi makulli. Sunanta EICR, wato rahoton lafiyar wayoyin wutar gidan.

Dokar ta fito ne a 2020. Ta fara aiki a kan sababbin 'yan haya daga 1 ga Yuli na shekarar, ta kuma game duk gidajen haya masu zaman kansu daga 1 ga Afrilu 2021. Ta wajabta wa mai gida ya kawo ƙwararren mai aikin wuta ya duba gidan aƙalla sau ɗaya a shekara 5: wayoyin cikin bango, soket, makunnai, da akwatin fis. Butar lantarki ko dutsen guga da ka shigo da su ba sa ciki. Sabon ɗan haya a ba shi kwafi kafin ya tare, wanda ke ciki kuma cikin kwana 28 da yin binciken. Idan ƙaramar hukuma ta nema, kwana 7 kawai mai gida yake da su.

Idan rahoton ya zo hannunka, kada yawan shafukan ya ruɗe ka. Lalubi lambobi. C1 na nufin haɗari a fili, kamar waya tsirara da yaro zai iya taɓawa. C2 abu ne da zai iya zama haɗari, FI kuwa sai an ƙara bincike. Duk waɗannan dole a yi aikinsu cikin kwana 28, ko ƙasa da haka in rahoton ya ce. C3 shawara ce kurum. Lokacin da dokar ta fara aiki a 2020, tarar da aka sanya wa mai gidan da ya yi biris tana iya kaiwa fam 30,000.

Ƙararrawar hayaƙi tana da tata dokar ta 2015, wadda aka tsaurara daga 1 ga Oktoba 2022. Kowane hawa da ake zama a cikinsa sai da ƙararrawa ɗaya aƙalla. Ɗakin da ke da na'urar ɗumama gida mai ƙona gas, mai ko itace kuma sai da ta iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle launi, tana kashe mutum yana barci. Murhun girki na gas ba ya cikin wannan lissafi.

Ga inda na fi damuwa. Abin da ke kan mai gida shi ne ya tabbatar ƙararrawar na aiki ranar da hayar ta fara. Daga nan ido ya koma kanka. Shawarar gwamnati ita ce a riƙa danna maɓallin gwaji a kai a kai, sau ɗaya a wata ba yawa. Mutane da dama kan zare batir saboda hayaƙin suya ya sa ta ƙara, su manta. Don Allah a daina. A buɗe taga. In ka canja batir ba ta yi ƙara ba, rubuta wa mai gida, ka ajiye saƙon. Tun 2022 gyara ko sauyawa wajibinsa ne da zarar an sanar da shi, in ya ƙi ka kai ƙara ƙaramar hukuma, tarar na iya kaiwa fam 5,000.

Wanda ya kama ɗaki a gidan da mai gidan ke zaune, suna tarayya a kicin ko banɗaki, waɗannan dokoki ba su shafe shi ba. Sikotilan da Wels kuma suna da nasu daban.