Wai doka ta ce radiyo sau ɗaya a shekara? Ga inda zancen ya karkace

Kusan mako biyu ke nan wata murya tana yawo a WhatsApp, nan Damagaram daga Zango har Garin Malam. Mai maganar yana rantse-rantse wai gwamnati ta kafa doka, ba a yi wa mutum radiyo, wato hoton asibiti, fiye da sau ɗaya a shekara, wanda ya ƙara kuwa jininsa zai ƙone ko ya rasa haihuwa, kuma hukuma na iya kama shi. Na ɗauke ta hirar fada ce kawai, sai da goggona, wadda tari ya hana barci tun shigowar hunturu, ta ninke takardar likita ta cusa ƙarƙashin katifa. Na ce, "Goggo, ina takardar hoton ƙirjin?" Ta ce, "Ɗan nan, ai na ci rabona na bana, an yi mini na ƙafa lokacin da na zame a bayi."

Dokar dai tana nan a Nijar. Ita ce mai lamba 2018-21 ta ranar 27 ga Afrilu 2018, wadda ta tsara yadda za a yi amfani da makamashin nukiliya cikin lumana, tare da kare mutane da muhalli daga tururinsa, wato hasken nan da ido ba ya gani mai ratsa jiki. Kafin ita akwai ta 2006. Mai sa ido a kanta ita ce hukumar ARSN da aka kafa a 2016, ofishinta yana Yamai. Dokar ta hau kan masu haƙar uraniyom, da asibitoci masu injin radiyo da sikana (babban injin ɗaukar hoton cikin jiki), da kamfanonin da ke duba walda ko auna taurin hanya da na'urori masu tururi, da masu jigilar irin waɗannan kaya. Gishirinta ɗaya ne: ba ka shigo da su, ba ka ajiye su, ba ka aiki da su, ba ka zubar da su, sai da izinin hukuma. Eriyar waya da ake yawan jefawa cikin zancen ba ta cikin wannan aji, don abin da take fitarwa ba shi da ƙarfin fasa ƙwayoyin jiki yadda na radiyo yake yi.

To daga ina "ɗaya" ɗin nan ta fito? Ina kyautata zaton daga ma'auni ne. Ana auna tururin da jiki ya sha da wani abu da ake kira milisibat. A ƙa'idojin hukumar nukiliya ta duniya da ke Vienna, waɗanda ƙasashe ke gina dokokinsu a kai, mutumin gari bai kamata ya sha fiye da milisibat 1 a shekara ba daga ayyukan da aka ba izini. Ma'aikacin wurin kuma 20, idan aka raba a kan shekara biyar, kuma kada wata shekara ta wuce 50. Wani ya ji "ɗaya a shekara", ya mai da ita hoto ɗaya, ya danna maɓallin murya.

Wannan milisibat 1 ɗin igiya ce aka ɗaura wa mai injin da mai ma'adini. Ita ke tilasta a kaurara bangon ɗakin radiyo ko a sa masa dalma, saboda mai sayar da ƙosai da ke jingine da shi ta waje, da mai jinyar da ke zaune a benci. Su ba abin da za su ƙaru da shi a hoton, don haka ba a yarda su sha ba. Majinyaci kuwa ba ya cikin wannan iyaka ko kaɗan, kuma da gangan aka cire shi. Da an sa shi ciki, da sikana ɗaya ta ciki, wadda kan kai kusan milisibat 10, ta zama laifi, da kuma an rufe sashen gasa cutar kansa da aka buɗe a Yamai a 2021, inda ake aika wa ƙari tururi mai yawan gaske don a kashe shi. Abin da aka ɗora wa likita shi ne ya tabbata amfanin hoton ya fi illarsa, kuma a yi shi da mafi ƙarancin tururin da zai nuna abin da ake nema. Ba wani adadi da aka yanke.

Hoton ƙirji irin na Goggo bai wuce milisibat 0.1 ba. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da sama da abinci da iskar da yake shaƙa, har da irin duwatsun nan da yara ke hawa a Birni. Wato hoton nata bai kai na zaman gida na kwana ashirin ba. Injin kuma kamar fitila yake, da an kashe shi ke nan, ba abin da ke maƙale a jiki ya bi mutum gida.

Ba ina cewa a riƙa yin hoto kamar shan shayi ba ne. Sikana a kai a kai tana ƙara haɗarin cutar kansa, kaɗan ne amma yana taruwa, musamman ga yara. Mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin ta shiga. Eko da ake yi wa masu ciki da sauti take aiki, babu tururi a cikinta. Wanda aka yi wa hoto a wani wuri ya zo da shi, kada a maimaita a banza. In an ce ka riƙe yaro a ɗakin, ka nemi rigar dalma, haƙƙinka ce.

Batun kamu kuma, ba a kan marar lafiya yake ba. Hukuma na iya dakatar da izini ko ta karɓe shi, kotu kuma ta ci tara ko ta ɗaure wanda ya mallaki irin waɗannan kaya ko ya yi safararsu ba izini. Mai kilinik da ya sayo tsohon inji ya kafa a ɗakin da bangonsa bulo ɗaya ne, ma'aikatansa ba su da ƴar na'urar awon da ake maƙalawa a ƙirji, shi ne ya kamata gabansa ya faɗi.

Sai dai a nan ne raina bai kwanta ba. Kalmar "mallaka" ba ta san fuska ba. Ɗan gwangwan da ke awon ƙarfe a kilo zai iya wayar gari da abin a cikin tarin kayansa bai sani ba, tunda tururi ba shi da wari, ba shi da launi. A 1987 a garin Goiânia na Brazil wasu masu tsintar ƙarfe suka kwance wani inji a tsohon asibitin cutar kansa da aka yi watsi da shi, suka sayar wa dillalin ƙarafa. Garin hoda mai shuɗin haske da ke ciki ya burge mutane har aka riƙa rabawa dangi. Mutum 4 suka mutu, aka auna sama da 100,000. A Arlit ma, garin haƙar uraniyom, tun 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa suka tarar da ƙarafa masu tururi a kasuwa, kuma kowa ya san ƙarfe ba ya zama inda aka yar da shi. Kamfanin da ya bar abin ya fita yana da lauyoyi da injiniyoyi. Yaron da ya saya yana da sikeli da amalanke, dokar da Faransanci take, hukumar kuma tana kusan kilomita 900 daga nan. Na'urar awo ɗaya a hannun shugabannin masu wannan sana'a, da bayani da Hausa a gidajen rediyon gari, da sun fi barazanar ɗauri aiki.

Kafin a kai can, ga abin da ke hannunmu. Alamar tururi rawaya ce mai fuka-fuki uku kamar na fanka. Duk ƙarfen da ke ɗauke da ita, ko ƙaramin abu mai nauyin da ya fi ƙarfin girmansa, kada a fasa, kada a sa a wuta, kada a kai ɗaki. A ja da baya, a kore yara, a sanar da jandarma ko ƴan kwana-kwana.

Goggo dai ta je ranar Talata, bayan na yi mata lissafin kwana ashirin ɗin har sau uku. Ta tsaya, aka ce ta ja numfashi ta riƙe, kafin ta gama bisimilla an ce ta fito. A kan kabu-kabu muna dawowa take tambayata ko dai injin bai kama ba, tunda ita ba ta ji komai ba.