Mene ne SRO, ruwan gishiri da sukari da ake ba mai zawo?

Duk uwar da ta taɓa kai yaro mai zawo gidan likita a Maraɗi ta san ƴar ledar nan mai farin gari da ake miƙo mata, a ce ta kaɗa a ruwa lita ɗaya. Ma'aikatan lafiyarmu SRO suke ce mata, maƙwabtanmu na Katsina da Kano su ce ORS, a gida kuwa ruwan gishiri da sukari ne. Haɗi ne na gishiri da sukari da aka auna daidai, don a mayar wa jiki abin da zawo da amai suka kwashe. Ba ya tsayar da zawo nan take, kuma ba don haka aka yi shi ba. Aikinsa ya riƙe mutum da rai da ƙarfi har cutar ta wuce, domin abin da ke kashe mai zawo galibi ƙarewar ruwan jiki ne.

Abin da ke fita ba ruwa zalla ba ne. Tare da shi ake asarar gishirin jiki, wato sodiyam da potasiyam da ƴan'uwansu, waɗanda jijiyoyi da tsoka da bugun zuciya suka dogara da su. Shi ya sa za ka ga babban mutum bayan kwana ɗaya yana zawo ƙafarsa na ɗaurewa, jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ko da ya sha ruwan randa har ya gaji. Ruwan ya shiga, amma gishirin bai koma ba.

Sukarin kuma ba don daɗin baki aka sa shi ba. A bangon hanji akwai wata hanya da sodiyam ke bi ya shiga jini, amma sai ya samu rakiyar gulukos, wato wani nau'in sukari, in sun shiga tare sai ruwa ya bi bayansu. Wannan hanyar tana ci gaba da aiki ko a tsakiyar kwalara. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin ƴan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, sai Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa kaɗa wannan haɗi a manyan durama, dangi suna shayar da majinyatansu da kofi. Mace-macen da suka kai wajen kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. Mu ma mun san wannan cuta, don ta shigo mana ta Madarumfa a daminar 2018, ta sake dawowa jihar Maraɗi a 2021.

Ledar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da ita tana ɗauke da gishiri giram 2.6, gulukos giram 13.5, gishirin potasiyam giram 1.5 da sitiret giram 2.9, duka na ruwa lita ɗaya. Awon shi ne komai. Akwai mai kaɗa ledar gaba ɗaya a kofi guda wai don ta fi ƙarfi, alhali gishiri mai yawa haka yana iya yi wa ƙaramin yaro mummunar illa. Akwai mai ƙara sukari don yaro ya karɓa, shi kuma sukarin da ya wuce kima ruwa yake janyowa cikin hanji, zawon ya ƙaru. In ba ka da ma'auni, ledar ruwan sha mai rabin lita guda biyu lita ɗaya ke nan. Ruwan ya zama tafasasshe da ya huce ko wanda aka sa wa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa. A rufe kwanon, abin da ya kai awa 24 a zubar a kaɗa sabo. In dare ya yi babu ledar a gida, a sa sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, ba a tule ba, da gishiri rabin cokalin, a lita ɗaya. Wannan na wucin gadi ne, don babu potasiyam a ciki, kuma kanwa ba ta maye gurbinsa.

Inda aka fi shan wahala shi ne mai cikin da ba ya riƙe abu: mai gyambon ciki, mai juna biyu da ke fama da tashin zuciya, ko yaron da duk abin da aka ba shi sai ya dawo da shi. Nan ne mutane ke karaya su ce "ai ba ya zama a cikinsa", su ajiye kofin. Don Allah kar a ajiye. Matsalar yawanci a hanyar sha take. Ƙishirwa ta ci mutum, ya ɗaga kofi ya shanye a tashi ɗaya, ciki ya cika ya mayar. A zaunar da yaro a cinya, kansa a ɗage, a ba shi cokali ɗaya, a jira minti ɗaya ko biyu, a ƙara. Babba ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan kamar mai shan shayi mai zafi. In amai ya zo, a dakata minti 10, a ci gaba a hankali fiye da da. Ko da an yi aman, ba duka ke fita ba, wani ya riga ya wuce cikin hanji. Yaron da bai kai shekara 2 ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, mai shekara 2 zuwa 10 kuma 100 zuwa 200, babba ya sha iya yadda yake so. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, zufa ma tana kwasar nata rabon, don haka a ƙara da ruwan sha tsakani.

Lemun kwalba da kayan sha masu zaƙi sosai a bar su sai an warke, haka kofi da shayi mai ƙarfi, da yaji da soye-soye ga mai gyambon ciki. Amma kar a hana abinci. Koko mai ruwa-ruwa, ruwan dafaffiyar shinkafa da ɗan gishiri, kindirmo mai tsabta, ayaba cikakkiya don potasiyam, duk ciki yana karɓarsu. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, ta ma ƙara. Ga yara, a karɓi ƙwayar zink tare da ledar: miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba. Tana rage tsawon zawon, tana kuma rage dawowarsa a watannin da ke biye. Ƙwayoyin tsayar da zawo na masu talla a tire kuwa ba na yara ba ne sam.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jin an ce "zawon haƙori ne, zai wuce", alhali yaro na bushewa a gaban idonmu. Idan idonsa ya zurma, maɗiga ta faɗa, yana kuka babu hawaye, fitsari ya ɗauke, ko ka tsunkule fatar cikinsa ka saki ta daɗe ba ta koma ba, a tafi gidan likita, ana ba shi ruwan a hanya. Haka in ya kasa sha, ko ya yi laushi yana ta barci, ko an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya haɗu da zawon. Zawo fari mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa alamar kwalara ce, ba a kwana da shi a gida ko da babba ne. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya ya nemi shawarar likita kan yawan da zai sha. Yaron da tamowa ta riga ta kama sosai shi ma ba wannan haɗin ake ba shi ba, akwai nasa daban mai suna ReSoMal, mai ƙarancin sodiyam da ƙarin potasiyam, kuma a cibiyar kula da masu tamowa ake bayar da shi ƙarƙashin idon ma'aikata.